Kunnen Sarki a Aljihun Wandona

Shekara shida na yi ina zuba kan mutum ɗaya. Aikina ke nan a Brooklyn, can Amurka, daga ƙarshen shekarun tamanin har cikin na casa'in. In dama farar filasta a bokiti, in tsiyaya ta cikin mazubin roba, in jijjiga don kumfa ta fita, in jira ta kama, in ɓare robar, sai ga fuskarsa a hannuna da sauran ɗumi, don filasta idan tana kamawa zafi take yi. Ranar farko da na ji ɗumin nan saura kaɗan in sake shi ƙasa. Saboda wannan kan ne mahaifiyata ta yi wata biyar a gidana ba ta kai lomata bakinta ba, kuma labarin da zan bayar ke nan.

Wurin aikin namu wani tsohon sito ne a bakin ruwa. Kwafin kayan mutanen da muke yi, ana sayar wa shagunan gidajen tarihi da masu hali da ke son ajiye tsohon abu a falo. Akwai masu zuba kyanwar Masar, akwai masu zuba Girkawa marasa hannu. Ni rabona ya faɗa kan wani sarki na mutanen Maya, waɗanda suka gina birane cikin dazuzzukan kudancin Meziko tun Turawa ba su san da ƙasar ba. Goshinsa a kwance yake, ya zame baya, don ɗaure kan jarirai suke yi. Hancinsa tun daga tsakiyar goshi ya taso. Gashin an tattare shi sama kamar gemun masara. Leɓɓansa a ɗan buɗe, idanun kuma ba ƙwaya, duk inda ka tsaya a sito kai suke kallo.

Mai yi wa kawunan fenti wani tsoho ne gajere, ɗan can ƙasar, harshen da ya sha a nono ma dangin harshen sarkin ne. Baba nake ce masa. Turancinsa gurgu, nawa makaho, amma muna kai juna gida. Zai karɓi kai fari fat daga hannuna, ya shafa masa ruwa ƙasa-ƙasa, ya ɗiga jan gari a lungun ido da bayan kunne, kafin la'asar ka rantse shekara dubu ya yi a binne. Yana saurayi ya yi wa masu haƙa dakon duwatsu a birnin sarkin, lokacin da ake tonon kabarinsa. Bai taɓa ba ni labarin a dunƙule ba, sai guntu-guntu wajen cin abinci, yana yi yana tari. Tarin nan nasa fari ne, in ya tofa a hankici kamar an wanke buroshi.

Kunnen sarkin shi ne masifar aikin. Siriri ne, ga ƙatuwar huda a fatar, in ka yi garaje wajen ɓare roba sai ka ji ƙas. Maigidan wurin kuwa in ya ga kai ba kunne, ranar har na titi sai sun ji muryarsa. Baba ya koya mini dabara: ka juya gefen da ba kunne ya fuskanci bango, ka jefa kunnen aljihu, gobe in ya bushe ka manna, shi kuma ya shafe tabon da fenti.

Abin da ya ɗaure ni a wurin takarda ce. Maigidan ne ya tsaya mini wajen neman izinin zama, kuma lauya ya ja mini kunne, ya ce ko wuta ce ta kama siton in tsaya a ciki sai takarda ta fito, in na bari komai ya koma farko, in ma akwai farkon. A gida Zariya kuwa abin da suka sani shi ne ina aikin filastar silin. Ni na faɗa musu haka a kaset ɗin da nake aikawa, har ina kwatanta irin furannin da muke yi a kusurwa. Matata ta san gaskiya. Ta taɓa ce mini ramin ƙarya ƙurarre ne, na ce ta bar ni da abin da ya dame ni.

Da matata ta haifi 'yarmu ta fari, uwarta aka hana biza, tawa aka ba. Inna ta sauka lokacin da ganye ya fara zuba, da ƙatuwar jaka mai ƙamshin daddawa da ciwon suganta na shekara goma. Muna zaune a unguwar Soundview a lokacin, hawa na biyar, ciki da falo. Ni ne ɗan farinta, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana ido cikin ido ba. A gida ta bakin ƙannena saƙo ke zuwa. A nan sai matata ta zama wayar. Ina zaune a falo, Inna za ta dubi surukarta ta ce, "Ki gaya wa mijinki hitar ɗumama ɗakin nan ta yi yawa." Duk da haka na san tana jin daɗi. An yi suna, ta ci naman rago har tana cewa na Amurka ba shi da laifi sai dai kitse. Sati uku muka yi haka lafiya.

Wata Asabar da hantsi ta kwashe kayan aikina ta shiga banɗaki za ta wanke. Injin wanki na ƙasan bene ta ce ba ta yarda da shi ba. Ina falo ina gyaran rediyo sai na ji ruwa ya tsaya. Ta fito, hannunta na ɗiga, ta ajiye wani abu a kan tebur, ta koma kusa da jaririya ta zauna. Kunne ne. Jiya da yamma ya karye, na manta da shi a aljihun wando.

Ta dubi matata ta ce, "Ki tambayi mijinki, silin nasu kunne gare shi?"

Matata ta sunkuyar da kai. Ni kuma, da zuciyata da bakina da ba sa shawara da juna, na ga gara in fito fili. A tunanina in ta ji tarihi hankalinta zai kwanta. Na ce, "Inna, ba gunki ba ne. Mutum ne, sarki ne, ya yi zamaninsa ya mutu kamar sarakunan da ake ba mu labari." Ba ta juyo ba, amma ba ta tashi ba, sai na ɗauka izini ne.

Na ba ta labarin yadda Baba ya ba ni. Kafin a haifi sarkin da kuma yana ƙarami, maƙiya sun shigo birninsu sun yi kaca-kaca da shi, gidan sarauta ya wulaƙanta. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka ɗora shi. Uwarsa ce ta miƙa masa hular sarauta da hannunta, akwai hoton a sassaƙe jikin dutse, mu ma muna zuba shi: ɗan yana zaune a kan kujera mai kan damisa biyu, uwar tana gefe ta ɗago hular da hannu bibbiyu. Ita ta riƙe masa ƙasar har ƙashinsa ya yi ƙwari. Da gangan na ja wannan wurin, ina satar kallon bayanta. Na ce ya yi kusan shekara saba'in a kan mulki, ya ɗaga birnin daga ƙasa, ya kama manyan maƙiya, ya gina fada. Tun yana raye ya sa aka fara gina kabarinsa, tudun dutse mai hawa tara, da ɗaki a samansa, da ɓoyayyar matakala daga ɗakin zuwa can ƙarƙashi. Da ya mutu yana wajen shekara tamanin suka bulbule gawar da jan gari, suka rufe fuskar da guntayen koren dutse, suka ja murfin da mutum ashirin ba za su ɗaga ba, sannan suka cike matakalar da duwatsu.

Nan ya kamata in tsaya. Amma na ji daɗin bakina, karo na farko a rayuwa ina magana doguwa uwata tana saurare. Sai na ƙara da cewa an bar wani siririn bututu na dutse da ya bi gefen matakalar daga kabarin har ɗakin sama, ana zaton don 'ya'ya da jikoki su riƙa ganawa da shi. Na kuma faɗi abin da Baba ya ce an fara tararwa a bakin ƙofar kabarin, ƙasusuwan mutum biyar ko shida a cushe wuri ɗaya, waɗanda aka kashe don su raka shi.

Inna ta gyara wa jaririya zani. Ta ce, "Ki tambaye shi, me suke gaya wa mataccen ta cikin bututun?"

Na ce, "Ba wanda ya sani, Inna."

"Mutanen bakin ƙofar, su ma yana zuba su?"

"A'a. Su ba a san kamanninsu ba."

Ta ce, "To." Shi ke nan abin da ta ce. Abin da ba ta faɗa ba na san shi, tun a makarantar allo aka gaya mana cewa mai ƙera siffar abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura mata rai. Na ɗauke kunnen daga tebur, na rasa inda zan sa shi, na mayar aljihu.

Da yamma matata ta yi tuwo miyar kuka. Inna ta ce alhamdu lillahi, ta ƙoshi. Ta buɗe jakarta ta ɗebo garin kunun tsamiya da ta zo da shi, ta dama da ruwan famfo. Washegari haka. Jibi haka, da ƙuli-ƙuli guda biyu. Ba faɗa, ba ɗaure fuska. Tana yi wa jaririya wanka, tana gasa wa mai jego jiki, tana share ɗaki, in an kawo kwano ta ce ta ƙoshi. Ko shayi ba ta sha, don sukari da madarar daga aljihuna suka fito. Rana ta huɗu matata ta durƙusa gabanta tana kuka, ta ce, "Inna, ai ɗakin ma da kike kwana shi ke biya." Inna ta ce ta sani. Ta ce kwana lalura ne, ba ta da inda za ta je a ƙasar mutane, Allah ma ya gani. Amma abinci shi ke zama nama da jini, kuma da naman nan za ta tashi.

Na ji tsoro, na kuma ji haushi, kuma haushin ya fi fitowa. Na je na samo wani malami a masallacinmu, ya zo har gida ya yi mata bayani a tsanake, cewa malamai sun yi maganganu, akwai batun niyya, akwai batun tilas. Ta saurare shi da ladabi, ta yi masa godiya, ta sa matata ta kawo masa abinci. Ya ci. Ita ba ta ci ba.

Garin kunu ya ƙare a sati na uku. Ina jiran ranar, Allah ya yafe mini, ina cewa yunwa za ta yi mini aikin da malam ya kasa. Sai na dawo daga aiki na tarar ba ta nan. A hawa na uku akwai wata Hajiya 'yar Kumasi da ke dafa wake da shinkafa irin nasu da koko tana sayar wa direbobin tasi. Can na same ta, zaune a kan tabarma a kicin ɗin mutane, da faranti a cinya tana tsintar wake. Ta yi ciniki da Hajiyar: za ta riƙa tsintar wake da yankan albasa, a ba ta kwano biyu a rana. Uwata, mai shekara sittin da wani abu, ɗanta na hawa biyu a sama da firji cike.

Hajiyar ta biyo ni bakin matakala tana ba ni haƙuri da Hausarsu ta zangon Kumasi. Ta ce wallahi kyauta ta so ba ta, tsohuwar ce ta ƙi. Kafin sati ya zagayo duk direban da ke cin abinci a gidan ya san labari. A masallaci ana gaishe ni ana kallon hannuna, don filasta ba ta fita daga ƙarƙashin farce.

Ranar da na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, waina na sayo mata da miyar taushe daga wata mata a unguwar Harlem, don na san ita ce abin da ta fi so a duniya. Na ajiye a gabanta da kaina. Ta ce wa matata, "Ki ce an gode." Ba ta taɓa ba. Na ɗaga kwanon na maka da bango. Na ce shekara nawa ina aika musu, da me take zaton aka yi rufin ɗakinta, da me aka sayi maganin sugan? Jaririya ta tsala kuka. Inna ta tashi a hankali ta ɗauko tsumma ta fara goge miya daga bango. Tana gogewa ta ce wa matata, abin da ta ci a rashin sani yana wuyan wanda ya ce silin ne.

A daidai lokacin ne babban aiki ya shigo sito. Wani gidan tarihi a wata jiha ya ce a yi masa kwafin murfin kabarin gaba ɗaya, daidai girmansa. Maigidan ya ce wata huɗu zai ci, kuma ni zan zuba. Lauya ma ya ce takardata ta kai matakin ƙarshe, in ƙara haƙuri. Na sa matata ta gaya wa Inna, wata huɗu kawai, da takarda ta fito zan ajiye aikin, na rantse da Alƙur'ani. Amsar da ta dawo ita ce, wa ya ba shi wata huɗun?

Murfin ya fi tsawon mutum biyu. Gunduwa-gunduwa muke zuba shi muna haɗawa, ni kuma in kwanta rub da ciki a kan katako a samansa ina goge mahaɗa. Haka nake wuni, fuskata kusa da tasa. A jikin murfin an sassaƙa shi a kishingiɗe, gwiwoyi a tanƙwashe, ƙarƙashinsa wani baki mai haƙora a wangame, bishiya kuma ta taso daga wajen cikinsa, da tsuntsu a ƙolinta. Maigidan ya ce masana na gardama, wasu sun ce faɗawa yake yi cikin bakin, wasu sun ce fitowa yake. Na tambayi Baba. Ya ce shi bai sani ba, abin da ya sani shi ne kakanninsa sun yi wa mutumin nan dakon dutse yana raye, shi ya yi dakon fitar da dutsen, ga shi ya tsallako ƙasa guda yana yi masa kwalliya. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya daɗe a dafe da tebur. Da ya samu numfashi ya nuna kansa ya nuna ni, ya ce mu ne na bakin ƙofa.

Ni ba mai camfi ba ne, ban taɓa jin kan filasta ya yi motsi ba. Amma watannin nan na tsani sarkin kamar yadda ake tsanar maƙwabci. In na shigo da safe in ga kawunansa jere a kan kanta, leɓe a buɗe, sai in ji kamar jira suke. Ga Inna kuma tana ramewa a idona. Abincin Hajiya shinkafa ce da koko mai sukari, ba abincin mai suga ba ne. Ƙafafunta suka fara kumbura, zoben azurfarta kuma ya fara yawo a yatsa. Hawa biyun nan da take sauka da safe, sai ta huta sau biyu. Sanyi ya shigo, ta ƙi rigar sanyin da na saya, tana lulluɓa da zannuwanta uku.

Wata Talata da rana, na gama dama bokiti uku na gunduwar tsakiya, wadda ke ɗauke da ƙirjinsa da fuskarsa, aka ce ana kirana a waya. Matata ce. Ta ce Inna ta faɗi a kicin ɗin Hajiya, ba ta magana, motar asibiti ta zo. Na ajiye waya. Filasta in an dama ta ba ta jira, minti kaɗan ne ta sandare, kuma wannan gunduwa kwana tara muka yi muna shirya mazubinta. Maigidan ya ji abin da ya faru, ya ce in tafi. Baba ya miƙo hannu zai karɓi bokiti. Ba wanda ya hana ni tafiya, wannan nake so a sani. Ni na ce Baba hannunsa na rawa, zai bar kumfa. Na tsaya na zuba bokiti ukun, na jijjiga, na duba kowane lungu, sannan na wanke hannu na fita. Gunduwar ta fito ba aibu ko ɗaya.

Da na isa asibiti ta farfaɗo. Ma'aikaciyar jinyar da ke kanta wata Kirista ce 'yar Filato, da ta ji Hausa a bakin tsohuwa sai ta riƙe ta kamar uwarta. Ta ja ni gefe ta wanke ni tas, ta ce wane irin ɗa ne zai bar mai suga ta kai haka, ba ku ba ta abinci ne? Aka kawo tire, dankali dakakke da wani farin nama da ba gishiri. Inna ta dubi ma'aikaciyar ta ce, "'Yata, wannan wa ya biya?" Ita kuma ta ce, "Na asibiti ne, Mama, kowa ana ba shi." Inna ta ce a cire naman, ta yi bismilla. Ina tsaye a bakin labule na ga ta cinye dankalin nan har tana sa yatsa tana sharce tire. Na fita na zauna a matakala na yi kuka, kukan baƙin ciki da kishi, kishin tiren asibiti.

Kwana shida ta yi, ta ɗan murmure. Da aka sallame ta, washegari ta sauka hawa na uku. Na je na sami Hajiya a ɓoye na ce zan riƙa sayo ganye da kifi ta riƙa sa mata a kwano. Hajiya ta ce ita ba za ta ci amanar tsohuwa ba, amma za ta sa mata daga nata. Ta kuwa yi, Allah ya saka mata.

Baba bai ga ƙarshen murfin ba. Wata Litinin bai zo ba, Talata ma haka, daga baya aka ce wani ɗan'uwansa ya mayar da shi ƙasarsu, numfashi ya gagara. Wani aka kawo ya ƙarasa fentin. Inna kuma bizarta ta kusa ƙarewa, murfi saura sati uku, takarda shiru. Na kai ta filin jirgi ni da matata da yarinya. Ta rungume jikarta ta daɗe, ta yi wa matata addu'a mai tsawo. Na miƙa wa matata ƙunshin biskit da dabino na ce ta ba ta na hanya, matata ta girgiza mini kai, na mayar cikin jaka. Inna ta dubi wajen takalmina ta ce, "A ce masa Allah ya shirya." Ta bi layi da zannuwanta uku.

Wata huɗun nan sai da ya zama goma sha ɗaya. Ranar da takarda ta fito na ajiye aiki, ban ko koma ɗaukar rigata ba. Na fara tuƙin tasi. Na yi kaset na aika, na ce a kunna mata, ta ji na bari. Amsar ƙanwata ce ta dawo, ba tata ba. Ta ce Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki bayan sallar layya, tana ji tana gani, amma in zan iya zuwa in zo. Sai da na ƙara wata bakwai ina tuƙi kafin na iya hawa jirgi.

Ban wuce gida kai tsaye ba. Na tsaya a Tudun Wada na sayi waina mai zafi da miyar taushe, na riƙe kwanon a cinya har ƙofar gida. Na same ta a tsakar gida a kan katifa, an jingina ta da bango, hannun dama a kwance a cinyarta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a. Na buɗe kwano. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa, na fara, "Inna, wannan da gumina na tuƙi ne, ba..." sai ƙanwata ta taɓa kafaɗata ta girgiza kai.

Na gutsuro waina na dangwalo miya na kai bakinta. Ta buɗe ta karɓa. Na sake gutsurowa, ta sake karɓa. Miya na zuba a zaninta, ba ta damu ba. Ta cinye guda biyar, ta ce a ƙara miya. Da ta ƙoshi ta dube ni sosai, ta yi murmushi, ta juya wajen ƙanwata.

Ta ce, "Wannan bawan Allah daga ina?"

Ƙanwata ta ce, "Inna, Yaya ne. Daga Amurka."

Ta ce, "Ikon Allah, ya sha hanya." Ta sake dubana, ta ce wainar ta yi daɗi, Allah ya ba da lada. Sannan ta ce wa ƙanwata ta kawo wa baƙo ruwa ya wanke hannu, kada ya tafi da maiƙo.

Aka kawo buta, na wanke.